Tambayi Nas: Man basilin da ƙaiƙayin fata a hunturun Kabi

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka koma na fata: kaushi, faso, tsagewar leɓe, sai uwa uba ƙaiƙayin yara. Na zaɓo biyar da suka haɗu a kan abu guda, wato man basilin, wanda babu ɗakin macen da za ka shiga daga Birnin Kebbi har Yawuri ka rasa shi a kan madubi. Shekara 31 na yi ina aikin jinya, fiye da rabinsu a ɗakin yara, kuma ban ga magani mai araha da ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa ba. Kamar kullum, na cire sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Hajiya, Allah shi ƙara miki lafiya. Ɗiyata shekararta biyu da wata huɗu. Tun tana wata biyar kumatunta suka fara ƙuraje, yanzu abin ya koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya. Wurin ya yi baƙi ya yi kauri. Da dare ba ta barci, mu ma ba mu yi, sai susa har jini. A asibiti an ce egzima ce, in riƙa shafa mata basilin. Wallahi na shafa har ƙananan robobi biyu cikin wata huɗu ban ga sauƙi ba. Kakarta ta ce sanyi ne, a riƙa yi mata wanka da ruwa mai zafi da sabulun salo, a dirje ta da soso. Mi zan yi da wanga abu? Wata uwa daga Jega.

AMSA: 'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Wanda bai taɓa kwana da yaro mai susa ba bai san abin da kike faɗa ba. Ni na sani, ɗana na uku haka ya yi mini, zan zo kan labarinsa. Abin da aka gaya miki a asibiti daidai ne, sai dai rabin magana aka ba ki. An ce ki shafa, ba a ce miki yaushe ba, ba a ce miki nawa ba, alhali a nan duk aikin yake.

Kin san bambancin katangar ƙasa da aka yi wa yaɓe da makuba da wadda aka bari tsirara. Fatar mutum ma tana da nata yaɓen, wani siririn maiƙo ne da ke tsakanin ƙwayoyin fata na sama. Shi ke tsare ruwan jiki a ciki, ya tare ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta a waje. Mai egzima, wadda wasu iyayenmu ke kira kirci, da raunin wannan yaɓe aka haife shi. Ruwa na tsatsowa daga fatarsa kamar sabon tulu, fatar ta bushe ta tsattsage, abin waje ya sami ƙofa, garkuwar jiki ta harzuƙa, sai ƙaiƙayi. Yaro ya sa farce, ya ƙara rushe katangar, ƙaiƙayi ya ƙaru. Haka za a yi ta zagaye har asuba. Abin yana bin jini: ki duba danginki ko na maigidanki, da wuya ki rasa mai asma ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido. A 2006 masu bincike a jami'ar Dundee ta Sikotilan suka nuna cewa nakasu a ƙwayar gadon da ke ƙera wani sinadarin fata mai suna filaggrin na daga cikin manyan dalilanta. Ba a ɗaukarta a zane ko tabarma ko kwanon abinci, don haka kada a hana ta wasa da 'yan'uwanta. Kuma a littattafan Turawa ja take fitowa, mu a fatarmu baƙi take yi ko toka-toka, wani lokaci da ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki ta tashi. Baƙin nan na wuyanta zai washe a hankali in susar ta tsaya, amma sai an yi watanni.

To shi basilin mene ne aikinsa? Asalinsa daga rijiyar mai yake. A 1859 wani masanin haɗa sinadarai, Robert Chesebrough, ya je filin haƙar mai na Titusville a jihar Pensilbaniya ta Amurka, ya tarar leburori na kankare wani danƙo da ke maƙalewa a jikin ƙarafan famfo suna shafawa a rauni. Ya kwaso ya yi shekaru yana tacewa, a 1872 ya yi masa rajista da sunan Vaseline, mu kuma bakinmu ya mai da shi basilin. Ana ba da labarin wai kullum sai ya sha cokali guda, kuma ya kai shekara 96. Wannan kada wanda ya gwada ya ce Hajiya ce ta sa shi.

Babu ko ɗigon ruwa a cikin basilin. Murfi ne kawai. In an shafa shi yana hana fiye da kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita ta fata ya tsere, kuma babu wani man shafawa da ya kai shi a wannan. Amma ki rufe tukunyar da ta riga ta ƙafe, me kika tsare? Yawancin iyaye mata sai an yi wa yaro wanka, an goge shi tas da tawul, ya zaga tsakar gida tsirara iskar hunturu ta busar da shi, uwa ta gama kwashe tuwo, sannan a kira shi a shafa. Sai ya yi ƙyalli a sama, ƙasa kuwa fata na nan a bushe. Ina kyautata zaton abin da ya faru da ke ke nan.

Ga yadda za ki yi. Wanka sau ɗaya a rana, da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda in kin tsoma gwiwar hannunki ba za ki ji zafi ba. Ki zaunar da ita a baho minti biyar zuwa goma fatar ta sha ruwa. In kin fito da ita kada ki goge, ki ɗan daddanna tawul kawai, jikin ya rage da laima. Kafin minti uku su wuce ki shafe ta, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ki kai robar basilin ɗin kusa da ke tun kafin ki zuba ruwa. Ki shafe dukkan jiki, har inda kike ganin lafiya lau ne, domin duk fatar ce mai raunin. Ki bi kwanciyar gashi, daga sama zuwa ƙasa, da lallashi, kada ki murza. Murzawa na tayar da ƙaiƙayi kuma tana toshe ƙofofin gashi su yi ƙuraje. Ban da na bayan wanka, ki ƙara sau biyu ko uku a wuni yanzu da ake hunturu. Ki jiƙa tafinki ki shafa mata ruwa tukuna, sannan man. Kuma kada ki riƙa cusa yatsa a robar. Ki ware ƙaramin cokali mai tsabta na ɗiba, don hannun da ya taɓa miki in ya koma ciki ya shuka ƙwayoyin cuta.

Sai maganar yawa, kuma ki gyara zama. Ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ita ce yaron da egzima ta bazu a jikinsa yana buƙatar giram 250 zuwa 500 na man shafawa a mako guda. A mako, ba a wata ba. Ke kuwa ƙananan robobi biyu kika ja har wata huɗu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Na san halin da ake ciki, na san abin da buhun shinkafa ya kai ko a nan da muke nomanta. Amma babbar roba ta fi araha in aka auna, kuma kuɗin da kike kashewa a kan sabulai da mayukan da ake tallata miki a gidan biki ya isa. Ki sayi fari tas, marar ƙamshi, marar launi, mai lambar NAFDAC. Wanda ake aunawa a kasuwa daga buɗaɗɗen bokiti, ko mai ƙamshin turare da aka zana jariri a jikinsa, ki bar shi. Turare na cikin manyan abubuwan da ke tayar da egzima. Man zafi ma kada ya kusanci wurin.

Yanzu kakarta. Ki gaishe ta da kyau, ki ce Hajiya Nas na gaishe ta, kada ki je mata da gatsali, don ƙauna ce ta sa take faɗa. Ruwa mai zafi yana kwantar da ƙaiƙayi na 'yan mintoci, shi ya sa tsofaffi suka yarda da shi. Amma duk macen da ta taɓa wanke tukunyar miyar man ja ta san abin da ruwan zafi da sabulu ke yi wa maiƙo. Ɗan yaɓen da ya rage wa yarinyar nan shi suke wankewa, soso kuma ya kankare sauran. Sabulun salo ni ma da shi nake wanka, amma tokar da ke cikinsa ta yi wa wannan fata ƙarfi. Ki ajiye soso, tafin hannu ya isa. Sabulu marar ƙamshi ɗan kaɗan a hammata da matsematsi da ƙafa, sauran jiki ruwa zalla. Maganin kashe ƙwayoyin nan da ake ɗigawa ruwan wanka ya yi fari, ki daina. In kina son samun kan tsohuwa, ki ba ta aikin shafawar. Kaka ba ta gajiya da shafa jika.

Ki yanke mata farce duk bayan kwana uku. Suwaita kada ta taɓa fatarta, ki sa rigar auduga a ciki. Kayanta a ɗauraye su sosai omo ya fita. Kada kuma ki hana ta kifi ko ƙwai ko nono don wata ta ce su ne. Yarinya mai tasowa ba a rage mata abinci sai likita ya tabbatar akwai wanda jikinta ke ƙi.

Akwai abin da basilin ba zai iya ba. Wurin da ya riga ya harzuƙa, ya yi kauri, yana hana barci, sai an kwantar da shi da man sitiroyid. Mai sauƙinsu shi ne hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, kuma likita ne zai faɗa miki wanda ya dace da ita da kwanakin da za ki yi. Awonsa da yatsa ne: ki matso daga kan manuniyarki zuwa gaɓar farko, wannan kamar rabin giram ne, yana isar wuri mai faɗin tafin babba biyu. A kan wurin ciwon kaɗai ake sa shi. Ki bar kamar rabin awa tsakaninsa da basilin don kada ɗaya ya kwashe ɗaya. Wasu iyaye da sun ji sunan sitiroyid sai su tsorata su ƙi shafawa, yaro ya yi ta wahala a banza. In an bi awo da kwanaki babu abin tsoro.

Inda tsoro yake shi ne inda ni na faɗa. Ɗan nan nawa yana shekara ɗaya da rabi, ina nas da farin kayana, na shiga wani kemis aka miƙo mini man nan mai haɗin magani uku. Kwana uku kumatunsa suka yi sumul, na ce na dace. Da na daina sai abin ya dawo, na koma, haka har wata biyu. Sai na ga kumatun sun fi sauran fuskar haske, fatar ta yi siriri har ana ganin ƙananan jijiyoyi. Wani likitan fata da ya zo ba mu horo ya karɓi kwalin ya nuna mini da yatsa: ɗaya daga cikin ukun sitiroyid ne mai ƙarfin da ba a sa wa fuskar babba ma, balle jinjiri. Shi ya koya mini shafa mai a kan jiƙaƙƙen jiki. Kusan shekara muka yi kafin fuskar ta daidaita. Ki karanta kwali: in kin ga clobetasol ko betamethasone, kada ki sa wa yarinya sai da takardar likita. Shi yaron, yana shiga sakandare abin ya bar shi, yanzu sai ɗan bushewar hannu da hunturu. Da yawan yara haka suke yi, tana raguwa da girma.

In wurin ya fara tsatsar ruwa, ko ya yi ɓawo ruwan zuma, ko ya kumbura da zafi, ƙwayoyin cuta sun shiga, ki koma asibiti. In kuwa kin ga ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya sun feso a tare suna fashewa, ga zazzaɓi, yarinya ta yi laushi, wannan ba na jiran gobe ba ne. Daga Jega zuwa Birnin Kebbi ba nisa, ki kama mota ranar.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗalibi ne, shekarata 22. Ina da egzima a ƙirji da baya da kafaɗa, fari-fari kamar taswira, ba ta cika ƙaiƙayi ba sai in na yi gumi. Na ji ana cewa basilin na maganin egzima, na yi wata biyu ina shafawa, sai ma ƙaruwa take. Wani ɗalibi daga Yawuri.

AMSA: Ɗana, suna ne ya ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ba. A Najeriya duk tabon da ya fito a fata sai a ce egzima. Yadda ka kwatanta naka, ƙyasfi ne. Shi kuma wani irin fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, mai suna Malassezia ke kawo shi, wanda dama yana zaune a fatar kowa, sai ya sami zafi da gumi da maiƙo ya yi yawa. Ka ga ke nan da ka lulluɓe shi da basilin, ɗaki ka gina masa. Gwada wannan: ka ɗan kankara tabon da farce, in ka ga gari-gari kamar dusa ya tashi, shi ne. Ka nuna wa ma'aikacin lafiya ya tabbatar. Maganinsa sabulun ruwa na wankin kai mai ketoconazole, ka shafa a jiƙaƙƙen jiki ka bari minti 5 zuwa 10 kafin ka ɗauraye, kullum har kwana 5. In wurin kaɗan ne, man clotrimazole safe da yamma na mako biyu zuwa huɗu ya isa. Farin ba zai tafi ranar da fangas ɗin ya mutu ba, launi kan ɗauki watanni kafin ya dawo, kada ka ce magani bai yi ba. Yakan kuma dawo da bazara.

Tun da an zo nan: in ƙaiƙayi ya kama ɗakin kwanan ɗalibai ko gida gaba ɗaya, ya fi tsanani da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu da cibiya, wannan ƙazuwa ce. Basilin ba ya kashe ta, kuma kowa da kowa ake yi wa magani rana ɗaya.

TAMBAYA: Hajiya, gaisuwa da fatan alheri. Ni manomin shinkafa ne, yanzu muna shirin dashen rani. Hannuwana duk sun tsage, gaɓoɓin yatsu na jini, ko riƙe lauje wahala. In na shafa basilin da safe kafin azahar ya tafi, ga alwala sau biyar, ga ruwan fadama. Shin akwai amfanin shafawar kuwa? Wani magidanci daga Argungu.

AMSA: Malam, Allah ya ba da yabanya mai albarka. Taka irin egzimar aiki ce ya jawo ta. Hannun da ke shiga ruwa ya fita, iska ta busar, ya sake shiga, sau ashirin a wuni, dole yaɓensa ya wanke. Ka ƙara da watsa takin zamani da hannu tsirara, da haɗa maganin feshi, da abin da na san kuna yi don na ga ƙannena na yi: in an gama gyaran injin ban ruwa a wanke baƙin mai da fetur ko kalanzir, a bi da omo. Wannan ko fatar jaki ce sai ta tsage. Nan gaba ka murza basilin ɗin a kan baƙin man, ka goge da tsumma, sannan ka wanke da sabulu mai laushi. Mai ke ciro mai.

Alwala kuwa da kake gani kamar ita ke kwashe maka aiki, ni dama nake ganinta. Na gaya wa uwar nan ta Jega cewa basilin a kan laima yake aiki. To kai Allah ya tsara maka lokaci biyar a wuni da hannunka ke jiƙe, babu sabulu. Ka zuba basilin a ƙaramin gwangwani ya zauna a aljihu tare da carbi. Kana idar da alwala, ka yarfe ruwan, ka lakato kamar ƙwayar gyaɗa ka shafe bayan hannu da tsakanin yatsu. Ɗan wannan kafin wata sallar ya riga ya bi jiki ya goge, bai bar wani kauri ba. Mai kaurin na dare ne: bayan isha ka jiƙa hannuwan a ruwan ɗumi minti biyar, ka lafta shi sosai, ka cusa a cikin tsagun, ka zura hannun a tsohuwar safar ƙafa ta auduga mai tsabta ka kwanta. Iyali za su yi dariya daren farko. Ka yi mako guda ka gani.

Wajen taki da feshi ka sa safar hannu ta roba, zai fi kyau da ta auduga a ciki, kuma ka riƙa cirewa kana shan iska don gumi in ya taru a ciki shi ma ɓarna yake. Ƙafa kuma, dunduniya da faso ka shafa yadda kake so, amma tsakanin yatsun ƙafa in ya yi fari ya jiƙe yana saɓulewa, fangas ne, bushewa yake so. In bayan mako biyu hannun bai fara haɗewa ba, ka je a duba ka, fatar tafi na da kauri, takan buƙaci sitiroyid da ya fi na yara ƙarfi.

TAMBAYA: Hajiya, maiɗakina na shafa wa yaronmu basilin kamar yadda aka ce, ya sami sauƙi alhamdulillahi. Amma zanen gado da rigunansa duk sun yi maiƙo, wanki ba ya fitar da shi. Babu illa? Wani uba daga Kamba.

AMSA: Alhaji, na ji daɗi da uba ne ya rubuto. Maiƙon ba ya cutar da yaro, amma akwai illa guda da nake so kowa ya ji, musamman a wannan watan da ake kwana da kaskon wuta. Basilin a cikin robarsa ba ya saurin kamawa. In ya jiƙa tufa ya bushe a ciki kuwa, tufar ta zama lagwani: tartsatsi ɗaya ya isa, kuma ci take da sauri da zafi fiye da tsumman da babu mai. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Ingila ta fitar da gargaɗi a kan haka, bayan an danganta mutuwar mutum fiye da 50 da gobarar da ta kama tufafi ko shimfiɗar masu shafa irin waɗannan mayuka. Su can taba sigari da murhun gas ne. Mu nan muna da kaskon jin ɗumi, da na turaren wuta da mata ke tsugunawa a kai, da maganin sauro na kunnawa a gefen katifa, da aci-bal-bal, ga goyo a baya uwa na sunkuye a bakin murhu. Ku ware masa kayan barci biyu ko uku da zanensa, a riƙa wankewa da ruwan zafi akai-akai. Wanki na rage maiƙon amma ba ya fitar da shi duka, saboda haka nesanta shi da wuta ita ce kariyar. Gawayi kuma a fitar da shi waje kafin a rufe ƙofa, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa ko babu basilin.

Wani abu da za ku gamu da shi nan gaba: in Maris ya shigo, zafin Kamba ya haura digiri 40, basilin da rana zai yi masa nauyi, ya riƙe gumi ya kawo ƙurajen zafi. Lokacin ku koma kirim marar ƙamshi da rana, basilin ɗan kaɗan da dare a wuraren da suka fi bushewa. Wani gwaji da aka yi da yara 550 a Ingila, aka buga a 2022, ya kwatanta mai kauri da kirim da loshan da jel, bai sami wanda ya fi wani ba. Wanda yaro ya yarda a shafa masa kullum shi ne nasa. Kada dai ku daina don ya sami sauƙi.

TAMBAYA: Anti Nas, ina da ciki wata takwas, babban ɗana na da egzima. Man kaɗe bai fi basilin ba tunda namu ne? Kuma in na fara shafe jaririn tun ranar haihuwa zai tsira daga ita? Wata ƙanwarki daga Zuru.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Man kaɗe mai kyau ne, ba ni da faɗa da shi, in dai tsantsa ne, sabo, ba a gauraya shi da turare ko kanamfari ko wani saiwa ba. Yana laushin fata, kuma in shi ne a hannunki ki yi amfani da shi yadda na faɗa, a kan laima. Inda basilin ya fi shi biyu ne: ya fi riƙe ruwa, kuma da ƙyar ake samun jikin da ke ƙin sa, don babu komai a cikinsa da garkuwar jiki za ta kama faɗa da shi. Ki gwada man kaɗen a ɗan wuri a hannun yaron kwana biyu kafin ki game jiki. Man zaitun da ake tsaraba da shi daga Makka ki bar shi a abinci, bincike ya nuna yana raunana yaɓen fata. Man gyaɗa ma kada a shafa wa jariri mai tsagaggiyar fata.

Tambayarki ta biyu, da likitoci sun sa rai haka ne. Sai aka gwada a Ingila da jarirai kusan 1,400 da ke da gadon abin, aka riƙa shafe rabinsu kullum har shekara, sakamakon ya fito a 2020: waɗanda aka shafe da waɗanda ba a shafe ba kusan daidai suka kamu. Don haka kada ki ɗora wa kanki laifi in ta fito masa, kada kuma ki sa shi gaba da lafta mai in fatarsa lafiya take. Ki dai roƙi mai yi masa wankan jego ta sirka ruwan, ta bar soso, ta rage sabulu, kuma kada a cusa masa basilin a cikin hanci don ƙura. Ki sa ido a kumatunsa daga wata biyu zuwa shida, a nan take fara leƙowa. Ranar da kika ga wurin ya yi kaushi, cokalinki da robarki na kusa.

Mai tambaya daga Bunza a kan amosanin kai, wasiƙarki ta iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.